Wasiƙa Daga Manchester: Tarihin Noman Laimar Kwaɗi a Jikin Gungume

Mu nan sai godiyar Allah, ban da ruwan saman Manchester da ba ya gajiya, da kuma karatun nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Wasiƙar yau amsa ce ga ƙurar da hoton nan na makon jiya ya tayar. Ga waɗanda ba su gani ba, hoton wasu gumagumai ne guda shida da na jingina da katangar bayan gidan da nake haya, laimar kwaɗi ta feso a jikinsu, ni kuma ina tsaye a gefe ina washe baki kamar wanda ya ci gasa. Ko awa biyu ba a yi ba sai ga wayar Hajiya. Ba mu ma gama gaisawa ba suka ce, "Kai yanzu abin har ya kai ka ga cin laimar kwaɗi? In kuɗin ne suka ƙare ka faɗi gaskiya, a sayar da ɗan filin nan a aiko maka." Kawu kuwa saƙo ya aiko, wai an tura yaro ya yi digiri na uku ya ɓuge da noma wa kwaɗi abinci.

Hajiya, ku kwantar da hankalinku, kada a taɓa fili. Wallahi ba yunwa ba ce. Abin da kuka gani sana'a ce da ta haura shekara 800 a duniya, kuma tun da na fara bin tarihinta na ga akwai abin da ya shafe mu a ciki. Shi ya sa na ce bari in zauna in warware muku zare da abawa.

Mu a gida da an ce laimar kwaɗi, ko naman kaza kamar yadda wasu ke kiranta, abin da ke zuwa mana a rai shi ne wadda ke fitowa a juji ko a gindin ruɓaɓɓen itace da damina, wadda ake hana yara taɓawa. Hanin kuwa yana da dalili, domin akwai masu dafin da ke kisa. Amma ita iri-iri ce, dubbai. Maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo da mutanen tsakiyar Nijeriya suna cin wasu daga ciki, musamman wadda ke fitowa a kan suri, suna sa ta a miya. Ita ba tsiro ba ce irin gero da dawa, dangin fumfuna ce. Ba ta da koren ganye, ba ta neman rana, abincinta mataccen itace ko taki. Laimar da ido ke gani 'ya'ya ce kawai. Ainihin jikin wani farin zare ne siriri kamar saƙar gizo, wanda ke ratsa cikin itace yana cin sa a hankali. In zaren ya ƙoshi, yanayi kuma ya yi masa daidai, sai ya fito da laima, ita kuma ta riƙa zubar da irinta ta ƙarƙashi, iri mai laushi kamar ƙura, wanda ido ba ya iya ware ƙwaya ɗaya. To ku riƙe maganar wannan ƙura, don a kanta duk tarihin yake.

Wadda nake nomawa sunanta shiitake. Sunan na Japanawa ne: shii wata bishiya ce a ƙasarsu, take kuma laimar kwaɗi. Sinawa suna kiranta xianggu, wato mai ƙamshi. Na fara ganin ta busasshiya a unguwar Sinawa ta nan Manchester, kusa da babbar ƙofar nan mai ado da aka kafa a titin Faulkner a 1987. Daga baya na sake ganin ta jibge a kantin Wing Yip na Birmingham, wanda wani mutumin Hong Kong ya fara a garin a 1970. Amma ban san a jikin itace take fitowa ba sai da na kai wa wani abokin karatuna ziyara a Birmingham, ya ja ni ɗan lambun da yake haya a hannun hukumar gari. Wani dattijo da ke maƙwabtaka da shi a lambun ya nuna mini gumagumansa a inuwa, ya ce shekararsu huɗu suna ba shi abin miya. Daga ranar na kamu.

Asalin sana'ar a ƙasar Sin yake, a duwatsun kudancin lardin Zhejiang, inda gundumomi uku suka haɗa iyaka: Longquan da Qingyuan da Jingning. Wuri ne mai daji da tsaunuka, ƙasar noma kaɗan. Mutanen yankin suna jingina farkon abin ga wani mai suna Wu Sangong, wanda suka ce ya rayu a ƙarni na 12, har yau kuma suna girmama shi. Labarin da suke bayarwa shi ne, ya lura cewa itacen da gatari ya sassara ya fi fitar da laima a daidai wurin saran. Sai ya fara kayar da itace yana sassara shi da gangan. Suka ce wata rana ya jira har ya gaji ba abin da ya fito, haushi ya sa ya jibgi gungumen, bayan 'yan kwanaki sai ga laima ta rufe shi. Wannan labarin baka ne. Abin da ke rubuce shi ne, a 1209 wani malami mai suna He Zhan ya tsara tarihin gundumar Longquan, ya sa ɗan gajeren bayani kan yadda ake wannan noma. A 1313 kuma Wang Zhen, a babban littafinsa na aikin gona, ya bayyana yadda ake zaɓen itace, a sassara shi, a lulluɓe, a jira, sannan a buga shi da sanda don a "firgita" laimar ta fito.

Abin da ya fi taɓa ni a labarinsu shi ne, 'yan ci-rani ne kamar namu. Da an gama girbi sanyi ya shigo, sai maza su bar gida su nufi dazuzzukan wasu larduna, su yi ciniki da masu daji, su kafa bukkoki, su yi watanni suna sara da tsinka da busarwa, sai bazara su komo. Har wani zaurance suke da shi a tsakaninsu don kada bare ya san sirrin sana'a. Duk wanda ya tashi a garin da samari ke watsewa bayan kaka ya san irin wannan rayuwa.

A Japan ma haka aka yi ta yi. Mutanen ƙasar Bungo, wadda yanzu ake kira Oita, suna ba da labarin wani mai yin gawayi da ake kira Genbei, wanda suka ce a ƙarni na 17 ya ga laima ta fito a kan itacen da ya sare don gawayi, ya mai da abin sana'a. A 1796 Sato Churyo ya rubuta littafi sukutum a kan wannan noma.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Duk waɗannan mutane, na Sin da na Japan, ba su da iri a hannu. Saran da suke yi ƙofa ce kawai suke buɗewa, sai su zauna jiran iska ta kwaso ƙurar iri daga daji ta sauke a cikin saran. In ta kawo, an yi arziki. In ba ta kawo ba, ko wata fumfunar banza ta riga shiga, shi ke nan, wahalar shekara biyu ko uku ta tafi. Ku ɗauka manomi ne ya yi sharar gona, ya yi huɗa, sannan ya koma gindin bishiya yana jiran tsuntsu ya yar masa da ƙwayar gero. Shekara ɗaruruwa a haka ake.

Kafin a fita daga wannan caca sai da aka gane ita kanta ƙurar, kuma a nan ne Turai ta shigo labarin. Faransawa sun daɗe suna noma farar laimar nan da ake sayarwa a kowane kanti, amma a kan kashin doki, har a cikin tsofaffin ramukan haƙar dutse na ƙarƙashin birnin Faris. A 1893 masana a Cibiyar Pasteur suka iya raino tsabtataccen irinta a ɗakin gwaji, ba tare da wata fumfuna ta gauraya ba. Ita kuwa shiitake, wani limamin coci Bature mai nazarin fumfuna, Miles Joseph Berkeley, shi ya fara ba ta sunan kimiyya a 1877, daga samfurin da jirgin binciken nan Challenger ya zo da shi daga Japan.

Garuruwan nan biyu da nake kai-kawo a tsakaninsu ma suna da nasu hannu. Wataƙila wasunku sun san Beatrix Potter, mai littattafan yara na zomo. Iyayenta 'yan yankin Manchester ne, dukiyarsu kuma daga masaƙu da rinin atamfa ta fito. Kafin ta yi suna da zomo, ta yi shekaru tana zana laimar kwaɗi tana kuma tsirar da ƙurar irinta a kan gilashi, tana duba ta da madubin ƙara girma. A 1897 ta rubuta takarda a kan yadda irin ke tsira, aka gabatar a ƙungiyar masana ta Linnean da ke Landan, amma ba ita ta gabatar ba, domin a lokacin ba a karɓar mata a ƙungiyar. Yawancin zanen nata yana ajiye a gidan tarihi na Armitt a garin Ambleside, arewa da nan.

Birmingham kuwa ta haifi Reginald Buller a unguwar Moseley a 1874. Ya yi karatu a garin da kuma Jamus, ya koyar da ilmin tsirrai a Jami'ar Birmingham daga 1901 zuwa 1904, sannan ya koma Jami'ar Manitoba a Kanada. Ya ƙarar da rayuwarsa a kan tambayar da mutane za su ɗauka wasa ce: yaya laima ke sakin irinta? Yakan sa ta a duhu ya haska siririn haske a ƙarƙashinta, sai a ga irin yana zuba kamar ƙurar da muke gani in rana ta leƙo ɗaki ta tsagar ƙofa. Ya nuna cewa laima ɗaya tana iya sakin ƙwayoyi biliyoyi, kuma harbo kowace ƙwaya ake yi, ba faɗowa kawai take ba. Ɗan ɗigon ruwan da ke taruwa a gindin ƙwayar kafin a harba ta, har yau da sunansa masana ke kiran sa. Littafinsa na binciken fumfuna ya kai mujalladi bakwai, na farko ya fito a 1909. A Jamus kuma, lokacin yunwar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Richard Falck ya gwada shuka wata laima mai kama da kunne a jikin kututture da gumagumai a 1917, don mutane su sami abin ci.

Amma wanda ya kai ilmin hannun talaka Bajapane ne, Kisaku Mori. Yana ɗalibi a Jami'ar Kyoto, a farkon shekarun 1930, ya je wani ƙauye a Oita ya tarar da wani tsohon manomi a gaban gumagumansa yana roƙo laima ta fito, domin bashi ya ci ya sayi itacen, in ba ta fito ba kuwa barin ƙauyen ya kama shi. Abin ya tsaya wa Mori a rai. Ya yi kusan shekara goma yana gwaji, yana faɗuwa yana tashi, har ya gano dabarar: a raini farin zaren a ɗakin gwaji a jikin 'yan ƙananan gutsattsarin katako, in zaren ya ratsa su sai a ba manomi ya huda gungume ya buga su ciki. A 1943 ya sami takardar mallakar wannan fasaha. Daga nan manomi ya daina jiran iska. Iri ya zo hannunsa, kamar yadda gero ke cikin rumbu.

Hajiya, wannan dabarar ce a bayan ɗakina. Na sayi 'yan turakun katako masu iri, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Karon farko asara na yi. Wani mutum ya ba ni itace kyauta, ashe ya daɗe a yashe ya bushe, wasu kuma na bishiyar nan ce mai ganye kamar allura, mai ƙaro, wadda shiitake ba ta so. Na yi shekara guda ina ban ruwa ga abin da ba zai taɓa haihuwa ba. Karo na biyu na nemi itacen da suke kira oak, mai tauri da nauyi kamar ƙiryarmu ko marke, wanda aka sare da hunturu, bai wuce 'yan makonni ba, ɓawonsa kuma bai salluɓe ba. Tsawon kowane gungume kamar mita ɗaya, kaurinsa santimita 10 zuwa 15. Na bi jikinsa da injin huda katako, tsakanin rami da rami kamar santimita 15, na buga turakun da guduma, na narka kakin zuma na toshe bakin kowane rami don kada ya bushe ko wata fumfuna ta shiga. Sai na jera su a inuwa. Nan ne kawai na taɓa gode wa ruwan Manchester. Wata goma sha biyar ba abin da ya motsa, har mai gidan ya tambaye ni ko in taimaka in kwashe wannan tarkace. Da farin zare ya bayyana a bakin gumaguman, sai na jiƙa su a ruwan sanyi kwana ɗaya, na ɗaga kowanne na buga da ƙasa, kamar dai yadda Wang Zhen ya rubuta shekara 700 da suka wuce. Bayan mako guda sai ga abin da kuka gani a hoto. Yanzu zan bar su su huta kamar wata biyu kafin in sake jiƙawa, kuma in Allah ya yarda za su yi shekara huɗu ko fiye suna bayarwa, har itacen ya zama gari.

Yanzu bari in zo kan abin da na ce ya shafe mu. Duk wanda ya ji wannan zai ce to ai sana'ar cinye daji ce. Gaskiya ne tana iya cinyewa, kuma a yau yawancin shiitake ta duniya a cikin ledar garin katako ake noma ta, musamman a Sin, don ya fi sauri da arha. Amma inda aka riƙe noman gungume da hankali, shi ya tsare dajin. A yankin Kunisaki na Oita, bishiyar da suke amfani da ita, kunugi, in an sare ta ba ta mutuwa. Kututturen yakan yi toho, bayan kimanin shekara 15 ya sake isa sara. Manomi ya raba dajinsa kashi-kashi, bana nan, baɗi can, kafin ya zagayo na farko ya dawo. A 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan tsari cikin gadon noma na duniya, a 2022 kuma ta sa na Qingyuan. Da hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima ya auku a 2011, dazuzzukan yankin da ke ba manoman Japan gumagumai masu yawa suka gurɓata, sai kowa ya ga cewa ba daji, ba sana'a.

Ingila ma ta san wannan sara mai barin kututture. Na je dajin Wyre, yamma da Birmingham kusa da garin Bewdley, inda aka yi ƙarnoni ana sare oak a bar shi ya yi toho. Itacen a yi gawayi don maƙera da masu narka ƙarfe, ɓawon kuma a kai wa majema, domin shi ne bagaruwarsu. Bayan da Abraham Darby ya fara narka ƙarfe da gasasshen kwal a Coalbrookdale a 1709, buƙatar gawayi ta riƙa raguwa sannu a hankali, jima ma daga baya ta koma ga sinadarai, sai aka yi ta barin irin waɗannan dazuzzuka ba mai kula. Yau masu kula da daji suna farfaɗo da saran a wurare da dama, don haske ya sauka ƙasa, furanni da tsuntsaye su dawo. Daga irin wannan sassabe masu noma kamata ke samun gungume.

Ina tsaye a dajin nan sai Maradi ta faɗo mini a rai. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, bayan ya sha wahalar dashen itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa a gonaki kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturen manyan bishiyoyi ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka riƙa zaɓen 'yan rassa masu ƙarfi su bari, su datse sauran, abin da suke kira sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa suka dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Kun ga ilmin ɗaya ne da na Oita da na Wyre: sara daban, kisa daban. Mu da buhunan gawayi ke fita daga dazuzzukanmu dare da rana, wannan magana ba ta nesa ba ce.

Ba cewa nake a fara noman shiitake a Kano ko Katsina ba. Ita tana son sanyi da laima, zafinmu da iskar hunturu za su busar da gungumen kafin zare ya kama, itace mai tauri kuwa ba mu da na wasa. Amma dangin wadda Falck ya shuka akwai masu jure zafi, suna fitowa a kan garin katako da bambaro da karan hatsi a cikin leda, ana kuma noma su a kudancin Nijeriya da Gana. Ƙanina da ke karatun aikin gona, wannan naka ne, ka tambayi malamanku. Sai dai ina roƙon kowa, don Allah kada wani ya karanta wannan ya je juji ko gindin bishiya ya tsinko ya ci. A nan Ingila ma akwai wata da ke fitowa a gindin oak, ɗaya tak tana iya lalata hantar babban mutum. Ni abin da na shuka da hannuna kawai nake ci, shi ma sai ya dahu sosai, domin ɗanyar shiitake tana sa wa wasu ƙuraje.

Kawu ya tambaya me ya haɗa wannan da karatuna. A takarda ba komai. Amma a watannin nan goma sha biyar, kullum in na dawo daga ɗakin karatu ba tare da na ƙara ko shafi ɗaya ba, nakan leƙa bayan gida in ga gumaguman nan shiru kamar matattu, alhali aiki na tafiya a ciki. Yanzu sun haihu. Ku ci gaba da yi mini addu'a nawa aikin ma ya fito.

Na soya ta farko da albasa da attarugu da ɗan daddawar da Yaya ta ɗauro mini, na ci da tuwon shinkafa. Hajiya, in na zo zan taho da busasshiya. Na san za ku ce ba kwa ci, amma zan sa a miya ba tare da na faɗa ba, in kun ce naman ya yi daɗi sai mu yi magana.

A gaida kowa da kowa, manya da yara. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Naku har kullum,
daga Manchester.